Faifan Ado a Ƙafar Tsohon Babur: Bitar Littafin Robert Pirsig Daga Bakin Tafkin Kainji

Kamfanonin ɗab'i 121 ne suka mayar wa Robert Pirsig da rubutunsa kafin kamfanin William Morrow na birnin New York ya karɓa, ya fitar da shi a 1974. Dala 3,000 aka ba shi na kafin alƙalami, kuma editan da ya karɓi aikin, James Landis, bai ɓoye masa cewa da wuya ya ƙara ganin wani kuɗi bayan wannan ba. Sai ga littafin ya sayu fiye da kwafi miliyan 5. Sunansa Zen and the Art of Motorcycle Maintenance. Kada sunan ya firgita mai karatu, ba littafin addini ba ne. Marubucin da kansa ya faɗa tun a shafin farko cewa kada a nemi ilimin addinin Buda a cikinsa, kuma ko a kan babur ɗin ma kada a ɗauke shi littafin koyon gyara. Labarin tafiya ne, wanda aka cusa wa tunani mai nauyi a kan yadda mutum ke zama da na'urar da yake amfani da ita.

Abin da ya sa na ɗauko shi wata 'yar gardama ce da ba ta ƙarewa tsakanin masu tsofaffin babura. A Yelwa da Wara da Shanga har yanzu akwai gidajen da za ka tarar da tsohuwar Honda CG ko Benly ko Suzuki a jingine a zaure, ta mahaifi ce ko ta kawu, an ƙi sayarwa saboda wanda ya hau ta. Wata rana ɗan gidan ya samu sarari, ya kai ta gareji, a sauya fistin, a yi mata fenti, a ɗinka sabon siti. Sai mai kayan gyara ya ɗauko wani faifai mai sheƙi, na ƙarfe ko na roba, wanda ake ɗaurawa a cibiyar taya ya rufe ta, ya ce, “Alhaji, wannan kaɗai ya rage ta koma amarya.” Faifan ba ya ƙara gudu, ba ya rage shan mai, ba ya riƙe komai. A sa ko kada a sa? Pirsig bai ambaci wannan faifai ba ko sau ɗaya, amma ban san littafin da ya fi nasa ba wa mutum abin da zai yi tunanin amsar da shi ba.

Ga yadda labarin yake. A watan Yulin 1968 marubucin ya goyo ɗansa Chris, mai shekara 11, suka tashi daga Minneapolis suka nufi gaɓar teku ta yammacin Amurka, tafiyar kwana 17. Abokinsa John Sutherland da matarsa Sylvia sun raka su a kan BMW ɗinsu har garin Bozeman na jihar Montana. A cikin littafin Pirsig bai faɗi sunan nasa babur ba, amma an san shi: Honda Super Hawk ce ƙirar 1966, mai fistin biyu, 305cc, mai birkin kwano gaba da baya da wili mai wayoyi, wato dangin ƙafar da ke ƙarƙashin Boxer da Jincheng na 'yan kabu-kabunmu. Tun 2019 tana hannun gidan tarihin Smithsonian da ke Washington, matar marigayi Pirsig ce ta ba da ita. Wani abin lura ga mutumin Yawuri shi ne shekarar. A 1968 ɗin nan ne aka gama madatsar Kainji, ruwan kogin Kwara ya fara taruwa ya zama tafki, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu, Gungawa da Kambari da Lopawa da sauransu. Lokacin da wani ke can yana tambayar kansa me ya sa mutanen ƙasarsa suka tsani na'ura alhali ba sa iya rayuwa sai da ita, a nan na'ura ce ke sauya wa jama'a wurin kwana.

Ƙashin bayan littafin shi ne bambancin da ke tsakanin marubucin da John. John makaɗin ganga ne, mai son tafiya da iska da kyan babur, amma ba ya son sanin abin da ke cikin inji. Ya sayi BMW ne don an ce ba ta lalacewa. Shi kuwa Pirsig, wanda sana'arsa rubuta littattafan bayanin kwamfuta ce, da safe kafin kowa ya tashi yana tsugune yana duba fulogi, yana ɗaure sarƙa, yana saurarar ƙarar inji. Daga nan ya raba mutane gida biyu: masu kallon abu ta fuskarsa, da masu kallonsa ta yadda yake aiki a ciki.

Wurin da wannan ya fi fitowa shi ne labarin kan babur ɗin John da ya fara santsi, ana ɗaure noti amma ba ya kamawa. Pirsig ya ce masa abu ne mai sauƙi, a yanko ɗan ƙarfe daga gwangwanin giya a naɗa a wurin, ya cike gurbin. John ya ji haushi, ya bar kan yana rawa. A ce babur ɗin Jamus mai tsada, a gyara shi da shara? Pirsig ya yi bayanin abin da shi ya gani: ƙarfen gwangwani alminiyon ne, mai laushi, yana kama jikin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa, da wuya a samu abin da ya fi shi dacewa da aikin. Ba'amurke mai karatu a nan yake tsayawa ya yi mamaki. Yaron gareji a Yelwa kuwa dariya zai yi, domin wannan shi ne karatun farko da ya koya a wajen maigidansa, sai dai shi da gwangwanin lemo ko na madara yake yi. Wannan ne ya sa littafin ke da daɗin karantawa daga nan: abin da marubucin ya sha wahalar shafuka yana kare wa, makanikanmu sun daɗe suna cin abinci da shi.

Amma bai bar makanikai sun sha ba. Akwai babin da ya ba da labarin garejin da ya taɓa kai babur ɗinsa bayan inji ya cije. Samari ne masu fara'a, rediyo na ta kiɗa, suna aiki suna hira. Suka gyara, ya sake cijewa, suka sake, ya sake. A gabansa ɗaya ya sa guduma da kurfi a murfin inji har ya huda shi, aka kuma karya masa fikafikan sanyaya inji. Da ya karɓi abinsa ya tafi gida ya bincika da kansa, sai ya tarar wani ɗan fil ne na senti 25 ya karye a hanyar da baƙin mai ke bi. Hukuncinsa a kansu bai ce jahilai ba ne, bai ce mugaye ba ne. Cewa ya yi 'yan kallo ne, hannunsu na kan aikin amma hankalinsu ba ya wurin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gareji yana kallon ana dukan notinsa da guduma saboda an rasa sifana mai lamba daidai, zai ji wannan babin har cikin ƙashinsa. Ni a wurina nan ne littafin ya fi ƙarfi, nan da wurin da ya tsaya a kan sukuru guda da kansa ya cinye ya ƙi fita: abin da bai kai kwabo ba, amma a wannan lokacin darajarsa ta kai ta babur ɗin gaba ɗaya, tunda sai ya fita za a shiga inji. Shawararsa kada ka yi fushi, kada ka yi gaggawa, ka zauna ka dube shi sosai tukuna.

Sai can wajen ƙarshe ya zo kan abin da ya shafi faifanmu kai tsaye. Ya ce masu ƙera kaya sun gane cewa na'urarsu ba ta da kyan gani, maimakon su gyara ta tun daga tushe sai suka riƙa lulluɓe ta da kwalliyar waje don ta shiga ran mai saye. Cikin misalan da ya jero har da injin jirgin ruwa, irin wanda ake ratayawa a bayan kwalekwale, abin da ya sa na yi murmushi, domin babu abin da aka fi gani a bakin ruwan Yawuri. A ganinsa irin wannan kwalliya ƙarya ce a kan muni, kuma kyau na gaskiya yana fitowa ne daga aikin da aka yi da kula.

To, mu ɗora wannan ma'auni a kan ƙafar babur. Ka sa a cire maka tayar gaba ta tsohuwar CG ka duba. Gefe ɗaya farantin birki ne, da ƙarafa biyu masu lanƙwasa a jikinsa, waɗanda ke buɗewa su matse kwanon daga ciki idan ka kama birki. A tsakiya akwai boris biyu da giris, da robar da ke hana ƙura shiga. A gewayen cibiyar kuma kawunan wayoyin wili ne a jere, kowace ta shiga raminta. Duk ciwon da ke kama wannan wuri yana fara nuna kansa ne a waje. Idan robar boris ta mutu, za ka ga baƙin giris ya yi zobe ya kama ƙura. Idan waya ta saki, za ka ga kanta ya fara cin ramin, wani lokaci da ɗan jan gari na tsatsa a gefe. Idan alminiyon ya tsage, siririn layi ne da sai mai wanki da tsumma zai lura da shi. Faifan ado kuwa aikinsa guda ne, ya rufe wannan fuskar. Masu cewa yana hana birki shan iska suna da 'yar gaskiya, musamman manyan na roba masu rufe har wayoyi, amma ƙaramin faifai ba zai ƙona maka birki a titin Yelwa zuwa Koko ba. Illarsa ta fi wannan sauƙin faɗa: yana hana ka gani, kuma yana tara abin da bai kamata ya taru ba.

A nan ƙasa take shigowa cikin maganar. Ruwan Kainji ba ya zama wuri ɗaya. Yana cika ya janye kowace shekara, ya bar faɗin laka da rairayi tsakanin gari da inda jirgi ke tsayawa. Babur ɗin da ke kai kifi ko albasa ko buhun shinkafa kasuwa ta nan yake bi. Ana tura shi cikin ruwa har gwiwa a ɗaga shi a sa a jirgi, a sauke shi a wancan ƙetaren cikin taɓo. Cibiyar da ke buɗe, da an hau tudu iska da rana sun busar da ita, bokiti ɗaya na ruwa ya wanke ta. Wadda aka rufe kuwa laka na shiga ta bayan faifan ta kwanta, ta riƙe damshi kwana da kwanaki, a inda ƙarfe ke haɗe da alminiyon, kuma waɗannan biyun idan suka jiƙa tare cin juna suke yi. Ranar da aka zo cirewa sai a tarar sukurorin sun cije. Idan kuma faifan irin wanda ake zurawa a sandar taya ne, to an ƙara kauri a wurin da masu ƙira suka auna daidai, sai ka ji makanike na cewa, “Ranka ya daɗe, wa ya sa maka wannan? Shi ke goga.” Honda da kanta, da za ta fito da CG125 a 1975, sai da ta tura ma'aikatanta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suka ga yadda ake lodi da yadda ba a zuwa gareji sai inji ya tsaya, suka ƙera babur mai sauƙin buɗewa da wankewa. Wanda ya rufe masa cibiya ya yi wa wannan niyya kishiya.

Har nan ina tare da Pirsig. Inda muka rabu shi ne zatonsa cewa mai son ado shi ne wanda bai san inji ba. Wataƙila haka abin yake a Minnesota. A nan kuwa ka duba tashar 'yan kabu-kabu ka ga wanda ya fi kowa yi wa babur ɗinsa kwalliya, da tuntaye a hannu, da leda a tanki, da rubutu a madigadi, da darduma a siti. Sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa sauya baƙin mai a kan kari, shi ne ke jin ƙarar da fasinja bai ji ba. Adon alama ce ta cewa abin ya shiga ransa. Mun gaji wannan daga doki. Ranar hawan sallah a Yawuri za ka ga an lulluɓe doki da jalala da kayan ƙawa tun daga goshi har gindi, kuma barden da ya yi wannan ado shi ne ya fi kowa sanin lafiyar dokinsa. Abin da ba za ka taɓa gani ba shi ne an rufe kofato, domin nan ake ɗagawa a duba. Rabon da Pirsig ya yi wa mutane gida biyu ya yi tsabta da yawa. Gaskiya ne daga baya ya yi ƙoƙarin haɗa gidajen biyu a ƙarƙashin abin da ya kira inganci, amma har littafin ya ƙare ana jin a muryarsa cewa mai sifana ne babba, mai son kyau ƙane ne da ake haƙuri da shi.

Kuma tarihi bai ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari ba. Tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph da BSA da yawansu daga masana'anta suka fito da faifai mai sheƙi a cibiyar ƙafar gaba, an auna shi da wurin, an yi masa mazauni. Wanda ke da irin wannan babur yana son mayar da shi yadda aka haife shi, cire faifan ne zai zama ɓarna. Amma Triumph ɗin nan ce a 1957 ta fito da samfurin Twenty-One da wani rufi da ya lulluɓe bayan babur, wanda mahaya suka yi wa laƙabi da baho. Da yawa suka riƙa cire shi suna jefarwa, musamman a Amurka, har kamfanin ya haƙura ya daina. Masu hawa suna yarda da ado, abin da ba sa yafewa shi ne adon da ke shiga tsakaninsu da abin hawansu.

Akwai ɗan wuri kusa da ƙarshen tafiyar da nake ganin ya fi dogayen bayanan littafin faɗar abin da marubucin ke nufi. Murfin sarƙarsa ya yage, bai samu sabo ba, ya kai wa wani dattijo mai walda. Ƙarfen siriri ne, Pirsig na tsoron zai ƙone, dattijon kuwa ya bi shi da wuta a natse ya haɗe shi har da ƙyar ake ganin tabon. Da aka yaba masa ko a jikinsa, ya karɓi kuɗinsa kawai. Murfin sarƙa shi ma rufi ne, amma rufi mai aiki, yana kare sarƙa da ƙafar wando. Kyansa daga hannun mai walda ya zo.

Littafin yana da nauyin da ba dole ba. Pirsig ya yi fama da taɓin hankali a farkon shekarun 1960, aka yi masa magani da wutar lantarki a ka, kuma yana ba da labarin mutumin da yake kafin wannan kamar wani ne daban, yana kiransa Phaedrus. Wannan zaren yana da ban tausayi da ban tsoro, ya kuma riƙe labarin. Amma idan ya shiga rigimarsa da Aristotle da malaman Jami'ar Chicago, sai babur ya ɓace shafi bayan shafi, kuma hukuncin da yake yanke wa masana na dā ya fi ƙarfin hujjar da ya kawo. Mai karatu na da damar ya tsallaka, ba zai yi asarar hanya ba. Abin da ya fi damuna shi ne yaron. Chris na bayansa yana ciwon ciki, yana kuka, yana neman uban ya yi masa magana, uban kuwa ya fi jin ƙarar inji a kan muryar ɗansa. Sai a shafukan ƙarshe, da suka cire hular kwano yaron ya miƙe tsaye a kan matakai, uban ya gane cewa tun daga Minneapolis bayansa kawai yaron ke kallo. Ana iya cewa da gangan marubucin ya tona kansa haka, kuma na fi karkata ga wannan. Sanin cewa an kashe Chris a San Francisco a 1979, shekara 5 bayan fitowar littafin, yana sa waɗannan shafuka su yi wuyar karantawa.

Sannan kula da na'ura a wajen Pirsig hanyar samun kwanciyar rai ce, ta mutumin da ke da littafin masana'anta a jaka, da kayan gyara na asali a shago, da hutun bazara. A bakin Kainji maganar ta wuce nan. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin ruwa ya tarwatse a kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, da mutane fiye da 150 a ciki, kaɗan ne suka tsira. Inda ake hawa abin da ya tsufa, ake yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, duba katako da noti da birki kafin a tashi maganar rai ce. Littafin bai san wannan duniyar ba, amma darasinsa ya fi amfani a cikinta fiye da inda aka rubuta shi.

Hukuncina a kan faifan shi ne, idan babur ɗinka da shi ya fito daga masana'anta, ka mayar masa, ka riƙa cirewa kana wankewa bayan kowace damina. Idan kuwa CG ce ko Benly da ba ta san shi ba, kuma har yanzu tana sauka bakin ruwa, ka bar cibiyar a buɗe, ka goge alminiyon ɗin da tsumma har ya yi haske, kuɗin faifan ka sayi boris mai kyau, adon kuma ka kai shi tanki da siti.

Pirsig ya rasu a 2017 yana da shekara 88. Littafin da Ingilishi yake, kuma waɗanda suka fi cancantar su yi gardama da shi suna garejojin Yelwa da Wara da Tungan Giwa. Malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko da babukan gareji da na sukuru da na mai walda kaɗai ne, a taimaka a mayar mana da su Hausa.